Sa'ad da Ruwa Ya Zama Cuta

Yau ina so mu yi tunani tare a kan wata tambaya wadda za ka ga kamar ba ta da wuya. Ko mutum zai iya cutar da abin da yake ƙauna ta wurin yawan kula da shi? Da an yi mini wannan tambaya a dā, da na yi dariya na ce ai rashin kula ne yake kisa, kulawa kuwa ba ta yawa. Wata 'yar shuka a cikin bokitin fenti ce ta sa na sake tunani.

Ka san alobera, wannan shuka mai kaurin ganye da ƙananan ƙayoyi a gefe, wadda mata suke ajiyewa a tsakar gida domin ƙuna da gyaran fata. Tana da 'yar'uwa a dajinmu wadda ake kira zabuwa, saboda ɗige-ɗigen ganyenta. Wata tsohuwa ce ta ba ni tawa a farkon shekara ta 2024, lokacin da muka koma sabon gida a Maradi. Ta ciro ɗiya ɗaya daga gindin tata, ta naɗe a takarda, ta ce, "Ɗana, ga wannan, ba ta da wahala." Na karɓa da murna. Na sami tsohon bokitin fenti, na cika shi da baƙar ƙasa mai taki, na dasa ta, na ajiye a baranda. Ban huda gindin bokitin ba, gama ba na so ruwa ya ɓata daɓe.

Kowace safiya idan na ba tumatir da zogale ruwa, sai in juye mata kofi guda. Da bazara ba a ga kome ba, domin zafin Afrilu da Mayu yana shanye ruwan kafin yamma. Har ina yabon kaina cewa ina da hannun shuka. Sai damina ta sauka. Ka tuna daminar 2024, wadda ruwa ya yi yawa har ambaliya ta rushe gidaje a Maradi da sauran sassan Nijar. Iska ta cika da laima, feshin ruwa yana shigowa baranda, ni kuwa ban fasa kofina na safe ba. A cikin watan Agusta na ga ganyayen ƙasa sun fara yin rawaya, sun yi laushi, sun kwanta a bakin bokiti. Na ce a raina, wayyo, ƙishi take ji. Na mai da kofi ɗaya ya zama biyu. Bayan mako biyu na taɓa ta da safe, sai dukan shukar ta karkace ta biyo hannuna. Wani ɗoyi ya taso daga ƙasar.

Na ɗauke ta da bokitin na kai wa wani dattijo mai sayar da shuke-shuke a bakin hanya. Ya juye bokitin a ƙasa, ruwa baƙi ya kwarara. Ya ɗaga shukar ya nuna mini saiwoyin. Sun yi baƙi, sun yi laushi, idan ya ja sai fatar ta saɓule ta bar ɗan zare. Ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya ce maka tana jin ƙishi?" Na ce, "Baba, ai ganyen ne ya kwanta." Ya ce, "Ka sa yatsa a ƙasar ka ji?" Na yi shiru. Wata bakwai ina ba ta ruwa, ban taɓa sa yatsa a ƙasar ba ko sau ɗaya.

Bari in ɗan bayyana maka abin da ya faru, domin a cikinsa maganar take. Alobera 'yar busasshiyar ƙasa ce. Masana sun bi asalinta zuwa yankin Larabawa, inda ruwan sama yakan zo kaɗan, ya wuce da sauri ta cikin tsakuwa. Saboda haka an yi ta da randa a jikinta. Wannan abu mai yauƙi da yake cikin ganyen, kusan kashi 99 cikin 100 nasa ruwa ne. Tana kuma da wata dabara. Yawancin shuke-shuke suna buɗe ƙananan ƙofofin ganyensu da rana su shaƙi iska, a nan ruwa mai yawa yake fita. Ita kuwa takan rufe nata da rana, ta buɗe da dare sa'ad da gari ya yi sanyi. Don haka abin da tumatir zai shanye a yini ɗaya zai ishe ta makonni. Haka ƙerana take, haka ƙariya mai jan fure, haka aguwa da manoma suke shinge da ita. Duk masu tanadi ne.

To, saiwa tana numfashi kamar yadda kake yi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai ƙananan wurare da iska take zama. Idan ruwa ya cika su ya zauna kwana da kwanaki, saiwa ba ta samun iska, sai ta shaƙe ta fara mutuwa. Ƙwayoyin cuta irin na funfuna, waɗanda dā ma suna nan cikin ƙasa suna son laima, sai su sami ƙofa su shiga. Ruɓa ta hau daga saiwa zuwa gindi. Ga abin da ya fi ba ni mamaki: saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa. Wato shukar tana tsaye a cikin taɓo, amma ganyenta ba ya samun ko ɗigo. Sai ta nuna alamar da ta yi kama da ta ƙishi. Mai ita ya gani, tausayi ya kama shi, ya ƙara mata abin da yake kashe ta.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, a hanyar komawa gida ban yi tunanin shuka ba. Ƙanena nake tunani.

Ina da ƙane a wani gari, yana da mata da 'ya'ya biyu. Tun rasuwar mahaifinmu ni ne uba a gare shi. Shekara uku ke nan a lokacin, duk sa'ad da ya kira ya ce babu, sai in aika. Kuɗin haya, kuɗin gyaran babur ɗin kabu-kabu da na saya masa, kuɗin magani, bashin mai kanti. Aika kuɗi ya zama da sauƙi a zamanin nan, minti biyar ka gama. Idan na aika sai in ji zuciyata ta kwanta, in yi barci da daɗi, in ce na sauke nauyi. Abin da ban lura da shi ba shi ne, yawan aikawata, yawan kiransa. Dā sau ɗaya a wata, ya koma sau biyu, ya koma kowane mako. Ban taɓa hawa mota na je na zauna a ɗakinsa ba. Ban taɓa tambayar matarsa yadda suke ba. Ruwa ba ya tsami banza, amma ni ban nemi dalili ba.

Me ya sa ban nema ba? Na daɗe ina juya wannan tambaya, amsar kuwa ba ta yi mini daɗi ba. Zuba ruwa ya fi tonon saiwa sauƙi. Kofin ruwa minti ɗaya ne, hannunka ba ya ɓaci, kana kuma ganin kanka kana yin alheri. Tonon saiwa yana cin yini, yana ɓata riga, kana iya tarar da abin da ba ka so ka gani. Ashe wani abin da muke kira ƙauna, neman kwanciyar ranmu ne. Muna bayarwa domin kada a ce mun hana, domin kada mu ji muryar mai kuka, domin mu rabu da damuwar da take cikinmu. Mai karɓa yana nan, amma idonmu ba a kansa yake ba, a kan hannunmu yake.

Ka duba kewaye da kai za ka ga irin wannan. Ga uwar da ba ta iya jin kukan ɗanta, duk abin da ya nuna sai ta ba shi, duk laifin da ya yi sai ta rufe, har ya kai shekara talatin bai san yadda ake ɗaukar nauyin kai ba. Iyayenmu sun ga wannan tun dā, shi ya sa suka ce ka so naka duniya ta ƙi shi. Ga majiyyacin da likita ya ce ya huta, amma daga safe har dare ɗakinsa cike da masu gaisuwa, kowa da saiwar da zai jiƙa masa, kowa da ƙwayar da ta warkar da wani nasa. Kowannensu da zuciya ɗaya ya zo. Amma wa ya tambayi mai ciwon ko yana so ya yi barci? Ga kuma wadda mijinta ya rasu, muna ta zuba mata magana, muna ba ta dalilai, alhali abin da take so shi ne wani ya zauna kusa da ita ya yi shiru, ko ya ɗebo mata ruwa, ko ya kai yara makaranta.

Yanzu kuwa dole in tsaya in ja maka kunne, gama na san zuciyar ɗan Adam, tawa ma haka take. Wani zai karanta wannan ya ce, "Madalla, dā ma na faɗa, taimako yana lalata mutane," ya ƙara ɗaure bakin aljihunsa. Idan haka ka fahimta, ba ka ji ni ba. Alobera tana mutuwa da ƙishi ita ma. Sai dai tana mutuwa a hankali, ba ƙara, ba wari. Ganyen yakan sirance, ya naɗe kamar kwararo, bakinsa ya bushe, tana cin ajiyarta kaɗan kaɗan har ta ƙare. A cikin unguwarku akwai mutane irin wannan. Ba sa roƙo. Suna sa tufafi masu tsabta, suna gaishe ka da fara'a, su ce lafiya lau, alhali tukunya ba ta hau wuta ba tun jiya. A ƙasashenmu, inda hatsi yakan ƙare wa mutane da yawa kafin sabo ya nuna, masu ƙishi na gaske sun fi waɗanda ruwa ya yi wa yawa nesa ba kusa ba. Wanda ya hana domin rowa da wanda ya zuba domin ya huta, laifinsu ɗaya ne a gindi: dukansu ba su sa yatsa a ƙasa ba.

Dattijon nan ya koya mini yadda ake bambancewa, abin kuwa ba wuya. Ganyen mai ƙishi siriri ne, ya yamushe, amma da ƙarfinsa, ƙasar kuma a bushe take har ƙasa. Ganyen wadda ruwa ya yi wa yawa a kumbure yake, ya yi laushi, ya yi ruwa-ruwa kamar an dafa shi, ƙasar kuma da danshi. Daga nesa duka biyu sun kwanta. Sai ka matso, ka taɓa, ka sunsuna. Ya ce kada in ƙara ba ta ruwa bisa ga kwanakin mako. In tura yatsa ko ɗan tsinke har ciki. Idan ya fito da danshi, in ajiye kofina in tafi. Idan ya fito a bushe, in ba ta sosai har ruwa ya fita ta gindi, sa'an nan in bar ta har ƙasar ta sake bushewa sarai. Da zafi wannan zai zo da wuri, da damina da lokacin ɗari zai daɗe. Ita ce za ta faɗa, ba kalanda ba.

Wataƙila za ka ce mini, "Amma mutum ba shuka ba ne." Gaskiyarka. Kuma wannan bambanci yana yanka ta gefe biyu. Shuka ba ta da baki, dole ka karanta ganyenta. Mutum yana da baki, saboda haka abu na fari shi ne ka tambaye shi, ka kuma saurara har ya gama. Shuka ba ta da mutunci da za ka zubar, mutum yana da shi. Ba ka da iko ka mai da ɗan'uwanka abin gwaji, ka ce za ka hana shi domin ka koya masa hankali, kai kana ƙoshe shi yana kwana da yunwa. Wa ya naɗa ka alƙali? Akwai girman kai mai yawa a cikin cewa, "Ni na san abin da ya fi maka." Na yarda da wannan ƙwarai. Amma mutum yana iya abin da shuka ba ta iyawa: yana iya roƙon abin da yake cutarsa, da hawaye, da rantsuwa. A nan ba ni da wata ƙa'ida da zan ba ka wadda za ta yi aiki kowane lokaci. Abin da na sani shi ne, ba a yanke wannan shawara daga nesa, ba a kuma yanke ta cikin fushi. Wanda bai zauna a tabarmar mutum ba, bai isa ya ce masa a'a domin amfaninsa ba.

Bari in koma wurin dattijon, domin aikin da ya yi a gabana ya fi maganarsa. Ya kakkaɓe tsohuwar ƙasar duka ya zubar, ya ce kada a sake amfani da ita. Ya wanke wuƙarsa, ya yanke dukan saiwoyin da suka yi baƙi. Ya cire ganyaye huɗu na ƙasa. Ya ga ruɓar ta taɓa gindin, sai ya yanka ya duba, ya sake yankawa ya duba, har ya kai inda naman yake da tsabta, babu ɗigon baƙi. Ina tsaye ina jin kamar a jikina. Na ce, "Baba, ai ka gama da ita." Ya ce, "Malam, in na bar baƙi ko kamar ƙwayar gero, zai ci sauran." Ya ƙara da cewa na yi sa'a, da ruɓar ta kai tsakiyar inda sababbin ganye suke fitowa, da sai dai a nemi wata, gama ganyen alobera ba ya cika yin saiwa idan an dasa shi shi kaɗai.

Sa'an nan ya faɗi abin da ya fi mini wuya. Ya ce in kai ta gida in ajiye a inuwa, inda iska take wucewa, ba ƙasa, ba ruwa, har bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo, kamar kwana biyar ko mako guda. Bayan haka in dasa ta a tukunyar ƙasa mai huji a gindi, domin tukunyar ƙasa tana numfashi, roba kuwa ba ta yi. In haɗa ƙasar da yashi mai kauri, rabi da rabi. Ya ce zuba tsakuwa a gindin bokiti marar huji ba ya hana kome, ruwan yana nan. In na dasa kuma, in ƙara mako guda kafin in ba ta ruwan fari.

Ka san wahalar da ke cikin wannan? Kowace safiya ina wucewa da butar ban ruwa, ga ta kwance a kan taga kamar abin da aka yar, hannuna yana ƙaiƙayi. Zuciyata tana cewa, ɗan ɗigo kaɗan ba zai yi kome ba. A kwanakin nan na gane cewa haƙuri aiki ne, har ya fi zuba ruwa gajiyarwa. Ba barinta na yi ba. Ina dubanta sau uku a yini, fiye da yadda na taɓa dubanta sa'ad da nake ba ta ruwa.

A watan Oktoba na shekarar na hau mota na tafi wurin ƙanena. Na kwana huɗu a gidansa. A dare na biyu matarsa ta faɗa mini, tana kuka, abin da ta ɓoye shekara biyu saboda kunya. Cacar ƙwallo ce ta cikin waya. Babur ɗin ma yana hannun wanda yake binsa bashi. Kuɗin da nake aikawa domin haya da magani, rabinsu can suke tafiya, da begen cewa gobe zai ci ya biya kowa. Ni da nake barci da daɗi, ni nake cika bokitin.

Ba zan ce maka na yi abin da ya dace a kowane mataki ba. A daren na yi faɗa fiye da kima, na faɗi maganganun da na nemi gafararsa a kansu daga baya. Amma da safe muka zauna mu uku, da wani kawunmu. Na ce masa ba zan ƙara aika kuɗi a hannunsa ba. Hatsi zai zo gidan kowane wata, kuɗin makarantar yara zan biya da kaina, bashin babur kuwa shi zai biya da guminsa, ni zan raka shi wurin mai bashin mu roƙi a sassauta. Ya yi fushi. Ya ce na mai da shi yaro a gaban matarsa, a cikin wannan kuwa akwai gaskiya, har yanzu tana damuna. Wata biyu bai ɗauki wayata ba. Ni kuwa ban fasa kira ba kowace Lahadi da yamma. Sau da yawa na riƙe waya a hannu, ina so in aika masa wani abu domin kawai ya yi mini magana. Wannan ƙaiƙayin hannu ne dai na butar ban ruwa, na kuwa gane shi.

Kai fa, mai karatu? Wa kake zuba wa ruwa kowace safiya ba tare da ka duba ba? Yaushe rabonka da ka zauna da shi, ba domin ka ba shi wani abu ba, sai domin ka ji? Wa kuma yake kusa da kai yana sirancewa a hankali, ba ka lura ba domin bai yi ƙara ba? Kada ka amsa da sauri. Ka ɗauki sunan mutum ɗaya, ka je wurinsa a cikin makon nan.

Alobera ta yi wata guda a sabuwar tukunya ba ta motsa ba, har na ɗauka ta mutu. Wata rana na ɗan ja ta a hankali, sai na ji ta riƙe ƙasa. Kafin daminar 2025 ta fid da 'ya'ya biyu a gindinta, na ciri ɗaya na kai wa matar ƙanena a tukunya mai huji. Shi kuwa ya karɓo babur ɗinsa bayan wata tara. Ko ya rabu da cacar ɗungum, ba zan rantse maka ba. Matarsa ta ce ya yi sauƙi, ni ma ina zuwa duk bayan wata biyu in gani da idona. Ranar Lahadin da ta wuce shi ya riga ni kira. Muka yi hira ta minti ashirin a kan farashin mai da ciwon haƙorin 'yarsa, ina ta jira ya kawo maganar kuɗi, har muka yi sallama bai kawo ba.